Kwalabe Shida da Kwanan Amarci

"A fasa kawai, Hamma Zubair! Na gaji..."

Na kife kaina a teburin lab ɗinmu na jami'a a Sangere. Ko hawayen ma sun ƙi zuwa.

"Auren za a fasa ko gwajin?"

"Duk wanda ya fi sauƙi."

Shekara biyu ina dama sitacin rogo, ina ƙera 'yan ƙwayoyin da ke narkewa a jiki a hankali, su riƙa sakin magani har wata guda. Hawan jini ne ya kashe babana a sansanin Malkohi, bayan mun gudo daga Mubi mun bar maganinsa a kan taga.

Sau biyu rashin wuta yana lalata min gwaji. Wannan ne na ƙarshe, in ji malamina. Kwana ashirin da takwas, kullum takwas na safe sai an ɗebi ruwa daga kwalabe shida da ƙwayoyin ke ciki, don a auna maganin da suka saki. Aka tsallake rana ɗaya, shi ke nan.

Sai ga ɗaurin aurenmu ya faɗo a rana ta ashirin da ɗaya. Huseina 'yar bappansa ce ta zaɓa wa Hajja mahaifiyarsa ranar, ita da ta daɗe tana masa kwalliya. Kalandata ta gani, munafuka!

Na roƙi Hajja, ta ce, "Amarya ba ya fita sai ya yi kwana bakwai. In kwalba yake so, ya auri kwalba."

Zubair ya jawo kujera.

"Nuna min yadda ake ɗiba, Muniratuna."

"Kai? Tela?"

"Mai zura zare a allura ne zai kasa sirinji?"

Sati biyu yana koyo. Sai da ya fasa kwalaben koyo huɗu malamina ya yarda.

Washegarin biki Hajja ta tare shi a ƙofa.

"Ango, ina zuwa da sassafe?"

"Amarya kika hana fita, Hajja. Ni ba ki ce min komai ba."

Ranar bakwai ya dawo daga lab, Hajja na ɗakina.

"Malam ya auna, masoyiya. Har yau yana sakin maganin!"

Hajja ta daɗe tana murza ledar ƙwayoyin hawan jininta da kullum take manta sha.

"Wannan ɗin ma na hawan jini ne?"

Na gyaɗa kai.

"To in ya yi kyau, ni ne na farko."

Sai a lokacin kukan ya zo min.