Majinyacin Bayan Labule na Huɗu

Saura kwana uku jarrabawa, Auta ta tuna ta bar littafinta a ɗakin gwaji. Rana ta riga ta yi ja. Ta zura takalmi, ta rataya abin sauraron ƙirji a wuya don sabo, ta nufi makarantarsu ta koyon likitanci.

A gida Auta ake ce mata. A asibiti kuwa Likita, duk da ta san sunan bai gama zama nata ba. Ta ci rubutacciyar jarrabawa, saura ta aiki, wadda sai an ci ta ake ba mutum lasisin duba marasa lafiya. Ɗakuna ne a jere, kowanne da mutumin da aka koya wa kwaikwayon ciwo, da malami a kusurwa riƙe da takarda. Minti takwas kacal. Ka gaisa, ka yi tambaya, ka duba jiki, ƙararrawa ta kaɗa, ka wuce na gaba. Karatun yana kan Auta tsaf, amma da ta ga biron malami ya motsa sai bakinta ya mutu. Sau biyu ke nan tana faɗuwa.

Abokan karatunta duk sun ci, sun watse. Ita kaɗai ta rage a ɗakin haya, ba mai kwanta mata ta gwada. Sai ta jingina matashin kai da bango, ta gaishe shi, ta tambaye shi inda ke masa ciwo. Yayanta kan kira ta yana tsokana: "Ina likitar matashin kai? Ya mai jikin?" Ta yi dariya, ta ajiye waya, ɗakin ya koma tsit.

Mai gadi na shirin alwala ta iso.

"Likita, da almurun nan?"

"Littafi kawai zan ɗauko, Malam."

"To, a yi sauri. Kowa ya tashi." Ya miƙa mata makulli.

Ɗakin gwajin dogo ne, gadaje shida, kowanne da labulensa shuɗi. Warin roba da na maganin goge ƙasa ya cika shi. Ƙwan lantarki ɗaya ne ya kama, yana ƙyaf-ƙyaf. Mutum-mutumin robar da ake koyon aiki a kansu suna kwance, bakinsu a buɗe. Ga littafinta can a kan tebur, kusa da ƙararrawar gwaji da aka zare wa waya.

Ta ɗauka ke nan ta ji tari.

Busasshen tari, daga bayan labule na huɗu.

Ta ɗaga labulen. Wani dattijo ne zaune a bakin gado, sanye da rigar majinyata, hannuwansa a kan gwiwa.

"Baba, me kake yi a nan? An rufe ai."

"An ce akwai mai gwaji," in ji shi a hankali. "Shi ne nake jira."

Ta ɗauka cikin masu kwaikwayon ciwo ne, an kulle da shi ba a sani ba. Ya kamata ta kira mai gadi. Amma wata biyu rabonta da ta sa hannu a jikin mutum mai amsa tambaya. Ta dubi agogo. Minti takwas ai ba wani abu ba ne.

Ta goge hannu, ta gyara tsayuwa.

"Sannu, Baba. Ni ce likitar da za ta duba ka. Me ke damunka?"

"Ƙirjina, 'yata."

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

"Kwanaki? Watanni?"

"Tun ba a gina nan ba tukuna."

Ta yi murmushi. Tsofaffi akwai barkwanci. Abin mamaki, yau bakinta bai mutu ba, tambayoyi na zuwa ɗaya bayan ɗaya kamar zaren da aka ja. Tari da jini? A'a. Zazzaɓi? A'a. Barci fa? Ya ce ba ya yi.

"Da wa kake zaune a gida?"

"Ba kowa. Duk sun watse." Ya ɗago kai. "Kamar ke."

Ba ta tuna ta gaya masa haka ba.

Ta kama wuyan hannunsa. Sanyi ƙalau, kamar kwanon da ya kwana a waje. Ta ɗora yatsu biyu inda jijiya ke bugawa. Shiru. Ta matsa sama. Shiru. Ta taɓa gefen wuyansa.

Ba komai.

Warin roba ya ɓace. Wani wari ya maye gurbinsa, irin na tsohuwar rijiyar da aka daɗe da rufewa.

Ta ciro 'yar tocila daga aljihu, ta haska idonsa. Ƙwayar idon ba ta tsuke ba. Hasken ya shige ciki kawai, bai dawo ba.

"Saura ƙirji," ya raɗa. "Kada ki tsallake. Nan ne suke kayar da ke."

Ƙafafunta sun ce ta gudu. Hannunta kuwa, don sabo, ya riga ya sa abin sauraro a kunne. Ta ɗora shi a ƙirjinsa.

Ba bugun zuciya. Ba numfashi.

Can ƙasa, da nisa, wata murya ce ke magana.

Muryar mace. Muryarta.

"Sannu, Baba. Ni ce likitar da za ta duba ka." Har da ƙarar fankar ɗakinta mai kukan ƙarfe. Har da shessheƙar da ta yi shekaranjiya, da ta kifa kai a kan matashi.

"Kullum ina amsa miki," in ji dattijon. Leɓensa bai motsa ba. "Ke ce ba kya ji."

Ƙararrawa ta kaɗa.

Wadda ba ta da waya.

Dattijon ya ce, "Lokaci ya cika. Sai na gaba."

Labule na biyar ya zuge da kansa. Shi ne a zaune, hannuwa a kan gwiwa. Na shida ya zuge. Shi ne. Ta waiwaya. Na uku, na biyu, na ɗaya, duk tsakaninta da ƙofa.

Suka yi tari tare.

Na gabanta ya damƙe igiyar abin sauraron, ya ja ta a hankali, har sanyin fuskarsa ya taɓa tata.

"Zauna, 'yata. Mu ba ma kayar da kowa. Wa ke jiranki a can?"

Abin da ya fi ba ta tsoro daga baya shi ne, ta ɗan tsaya tana neman amsa.

Sai ta fizge kanta. Abin sauraron ya zare daga kunnuwanta, kamar an tsaga su. Bakinta ya kama sunan Allah. Ta runtse ido ta kwasa a guje, labule na shafar fuskarta, yatsu masu sanyi na goga hannun rigarta. Ta ci karo da ƙofa, ta faɗo waje da gwiwa.

Mai gadi ya sheƙo, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Subhanallahi! Likita, lafiya?"

Cafke wuyan hannunsa ta yi, ta danna yatsu biyu. Ɗumi. Bugu, bugu, bugu. Nan ta fashe da kuka.

Da safe ma'aikata suka buɗe ɗakin. Ba kowa sai mutum-mutumin roba a gado na huɗu, a zaune, da abin sauraron ƙirji a wuyansa. Aka aiko mata ta zo ta karɓi abin sauraron, ta ce a bar shi can. Ranar ta tattara kayanta ta koma wurin wata ma'aikaciyar jinya da ta daɗe tana yi mata tayin ɗaki.

Ta shiga jarrabawa da na aro. Biron malami ya yi ta motsi, ko a jikinta. Wanda ya ga abin da ta gani, biro ba ya ba shi tsoro. Ta ci.

Shekaru sun wuce. Ba ta duba majinyaci labule a rufe sai da wani a gefenta. Kuma duk wanda ya zauna a gabanta, kafin ta tambaye shi ko da sunansa, sai ta kama wuyan hannunsa ta riƙe, ta ɗan jima. Tsofaffi kan fito suna sa mata albarka, suna cewa likitar nan akwai tausayi.

Ita dai tabbatarwa take yi.