Malama da Gwangwanaye

A wani gari an yi wata malamar ƙananan yara da ba ta son wasa. In sun gina ɗaki da yashi, sai ta ce, "Ku zauna, ku yi shiru!" In sun yi waƙa, sai ta ce, "Ku zauna, ku yi shiru!"

Ran nan ta tarar da su suna wasan makaranta. Ƙaramarsu ta ɗaure fuska, tana dukan gwangwanaye da kara tana cewa, "Ku zauna, ku yi shiru!"

Malama ta ce, "Wace muguwa ce wannan?"

Yarinyar ta ce, "Ke ce, Malama. Mu ne gwangwanayen."

Kunya ta rufe malama. Ta durƙusa cikin yashi, ta ce, "To, ku koya mini ginin ɗakin nan."