Ruwan da Ya Ƙi Barin Taswira

Kwana uku Injiniya Wiebe yana fama da manhajar hasashen ambaliya. Duk sanda ya kunna ta, sai ta malale wani fili na bayan shingen tare teku da ruwa a kan taswira, filin da gobe za a amince a gina makaranta a cikinsa. Ƙarfe ɗayan dare, yana ofis shi kaɗai, ya sake goge ruwan daga taswirar.

"Kai yaro, wa ya aike ka?"

Ya waiga, ya ga wani tsoho tsaye yana warin laka.

"Fita, dattijo! An tashi aiki."

"Makwancina kake busarwa a filin nan. Ƙara taɓawa ka gani."

Wiebe ya sunkuya zai ɗauki wayarsa da ta faɗi. Takalman katakon tsohon cike suke da baƙin ruwa, babu ƙafa a cikinsu.