Bai Bar Mata Ba

Da ɗan yatsa ɗaya Auta ta kwantar da sarkinta, ta tsayar da agogon wasa.

An cinye ta.

Zauren gasar ya yi tsit, sai kukan fanka. Awa biyar suna zaune, allon darar Turawa mai gida sittin da huɗu, wadda ake yi da sarki da sarauniya da doki, a tsakaninsu, ita da Dogo, mutumin da take jiran Baba ya amince ta aura. Wasan nan kaɗai ya rage mata ta ci a ba ta kambun babbar gwana, tana 'yar shekara ashirin da ɗaya. Shi kuwa ya daɗe da samun nasa kambun, ko ya ci ko ya faɗi babu abin da zai canza masa.

"Auta..." ya ce can ƙasa.

Ba ta dube shi ba. Ta sa hannu a takardar wasa ta miƙe.

A bakin ƙofa ta ci karo da Mai Gilashi, abokiyar hamayyarta tun suna yara.

"Ayya, 'yar uwa, sannu! Ni har na sa alƙalin wasa ya tsaya a kanku ya sa ido, na ɗauka Dogo zai bar miki. Ashe son bai kai nan ba!"

Auta ta wuce abinta.

Baba da Umma na jiranta a gindin bene. Umma ta rungume ta.

"Yi shiru, autata, yi shiru..."

"Dama na faɗa!" in ji Baba, yana kaɗa makullin mota. "Wasa ɗaya tak! Wanda bai iya bar miki wasa ɗaya yana nemanki ba, me zai bar miki in ya same ki? Ya manta hanyar gidana."

Mutane kan ce so sadaukarwa ne. Sai dai masu faɗar haka ba su cika tambayar wanda aka yi wa sadaukarwar yadda ya kwana da ita ba.

Auta ta share hawayenta.

"Baba, ka tuna lokacin da nake cinye ka kullum a tsakar gida?"

"Na tuna mana. Kina shekara bakwai."

"Ina shekara tara na gane da gangan kake ajiye sarauniyarka inda zan ɗauka."

Baba ya daina kaɗa makullin.

"Wata guda ban taɓa allo ba. Ban san wanne na ci da kaina ba, wanne aka ba ni. Har yau in na yi nasara sai na binciki fuskar mutum, ko tausayina ya ji."

"Don ina ƙaunarki ne, uwata..."

"Na sani, Baba. Ni ma shi ya sa ban taɓa faɗa maka ba."

Umma ta dubi mijinta. Shi kuwa takalmansa ya tsaya kallo.

"Yanzu ina za ki?" ya tambaya, ganin ta juya.

"Ba mu bi wasan ba tukuna."

Al'adar masu dara ce, in an gama, wanda ya ci da wanda aka cinye su zauna su sake bin wasan daga farko, kowa ya buɗe abin da ya ɓoye. A ƙaramin ɗakin da ake yin haka ta tarar da Dogo shi kaɗai. Ya jera mutanen allon tsaf, ya haɗa kai da gwiwa.

Ta ja kujera.

"Nuna min inda na ɓata."

Ya soma. Da suka kai taku na talatin da ɗaya, ya ɗauki dokinta ya ajiye a gidan da ba ta kai shi ba.

Ta zuba ido. Sai ta gani.

"Da na yi haka... ka mutu ke nan!"

"Murus. Minti goma sha ɗaya kina tunani, ni ina zufa har cikin takalmi."

"Da na gani fa?"

"Da na fi kowa murna, masoyiyata."

"Ƙarya kake!"

"Ƙarya nake," ya ce. "Sai bayan kwana uku zan yi murnar."

Dariya ta ƙwace mata tare da kuka.

"Na yi tunanin bar miki, wallahi na yi. Amma kin san hannuna, da kin gane. Kuma duk inda aka kira ki babbar gwana, sai kin juyo kin dube ni."

Gyaran murya suka ji. Baba ne a bakin ƙofa, ba su san tun yaushe yake tsaye ba.

Dogo ya zabura ya durƙusa.

"Kai, marar tausayi," in ji Baba, muryarsa a dishe. "Yaushe ne gasa ta gaba?"

"Wata huɗu, Baba."

"To, ka turo manyanka kafin nan. Gara ta riƙa ganinka kullum, ta san ta inda za ta kayar da kai."