Rumfar Bayan Babban Lilo

Bayan la'asar Mai Ludayi ta ja hannun autarta suka shiga filin wasan. Ba lilo ya kawo ta ba, ba kuma don yarinyar ta zo ba. An ce mata za a ba da sabuwar rumfar abinci a ciki, ita kuma shekara ashirin tana girkin taro, ta ga ba wanda ya fi ta cancanta. Kafin ta nema, so take ta san abin da sauran ke sayarwa da yadda suke haɗa shi.

Tana da wata mummunar ɗabi'a da ta samo a bakin tukunya. Ba ta haɗiye ɗanɗano. Takan ɗora abu a harshe, ta juya shi, ta gane irin man da yawan sukarin, sannan ta tofar. A madafinta akwai kwanon da ta ware don haka. A nan babu kwano, sai ƙasa, kuma a gaban masu abin.

Da mai gugguru ta fara.

"Ɗan sam min in ji, ɗana."

Ya zuba mata a tafi. Ta tauna sau biyu, ta tofar kusa da takalminsa.

"Man nan ya kwana uku a kasko."

"Inna, ga kwandon shara can."

"Ai na ga kai ke sayar da sharar."

Auta, 'yar shekara bakwai, ta ja mata gefen mayafi. "Mama, ni ma."

"Rufe min baki. Wannan ba abin ci ba ne."

Haka ta bi layin rumfunan ɗaya bayan ɗaya. Alawar auduga ta ce launi ne kawai da iska. Askirim ta ce ruwa ne aka daskarar aka yaudari yara. Mai soyayyen dankali, wata mata mai jiki, ta bi ta da kallo tana goge hannu a zaninta.

"Baiwar Allah, ko a gidanku haka kike yi?"

"A gidanmu ana iya girki."

"Za ki gamu da daidai ke."

Mai Ludayi ta yi tsaki ta wuce. Yarinyar kuwa ko loma ɗaya ba ta shiga bakinta ba. Sai kallon hannun wasu yara take tana haɗiyar yawu.

Rana ta yi ja. Fitilu masu launi suka fara kamawa ɗaya ɗaya, iyaye masu hankali suka fara tattara 'ya'yansu. Mace mai tunani da nan ta juya gida. Amma sai wani ƙamshi ya zo mata daga bayan babban lilon nan mai juyawa kamar ƙafar keke. Ƙamshin sukari ne da ya kusa ƙonewa, da wani abu a ƙarƙashinsa da hancinta bai sani ba. Abin da ya ja ta ke nan. Ba ta yarda akwai haɗin da ya fi ƙarfinta ba.

Suka zagaya ta gefen ƙarafan lilon. Kiɗan dawakin katako ya koma can nesa. Ƙasar wurin da danshi, tana warin rijiyar da aka daɗe da rufewa.

Rumfa ɗaya ce. Ba fitila, ba layi. Wata tsohuwa ce zaune a bayan faffaɗan kasko, kanta a sunkuye, tana juya wasu 'yan dunƙule a cikin mai.

Man yana tafasa. Amma Mai Ludayi, da ta yi rabin rayuwarta a gaban wuta, ba ta ji zafi a fuskarta ba. Ta leƙa ƙasan kaskon. Ba gawayi, ba tukunyar gas.

"Mama, mu tafi," Auta ta ce a hankali.

Kafin a roƙe ta, tsohuwar ta tsoma yatsu cikin man, ta ɗauko dunƙule ɗaya ta miƙo.

Mai Ludayi ta karɓa ta sa a baki.

Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin abu mai daɗin wannan ba. Ta juya shi a harshe, ta kasa gane ko abu ɗaya daga cikin haɗinsa. Maƙogwaronta ya buɗe yana nema. Amma girman kai ya hana ta. Ta tofar.

"Gishiri ya yi yawa," ta ce.

Man ya daina tafasa.

Kiɗan ya ɗauke. Ihun yaran da ke kan lilo ya ɗauke. Ƙaton lilon yana ci gaba da juyawa a samansu, ko ƙara ba ya yi.

Daga ƙarƙashin teburin, daidai inda tofin ya faɗa, aka ji tanɗar baki. Ƙananan bakuna, da yawa.

"Tun la'asar kike tofa wa jikokina a ka," tsohuwar ta ce. Muryarta ƙasa ƙasa, kamar ana kankare ƙanzo. "Kin ɗanɗana namu. Mu ma a sam mana."

"Ban zo da abinci ba."

Tsohuwar ta ɗago kai. Ba Mai Ludayi take kallo ba.

"Kin zo da shi."

Hannunta ya taso daga bayan kaskon. Ya wuce teburin. Bai tsaya inda hannu ke tsayawa ba. Ya kama wuyan hannun Auta.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Bakinta ya buɗe, idanunta suka fara lumshewa, ƙafafunta suna jan ƙasa zuwa teburin.

Mai Ludayi ta ja ɗaya hannun yarinyar. Kamar ta ja bango. Ta nemi addu'a, harshenta ya kwanta a bakinta kamar dutse.

Wani abu mai sanyi ya shafi idon sawunta. Sai wani.

Ta cusa hannun damanta tsakanin tsohuwar da yarinyar.

"Ga nawa," ta ce da ƙyar. "Ni na tofa."

Tsohuwar ta dubi tafin. Ta buɗe baki.

Harshen ya fito, dogo, toka toka, da kaushi kamar soson ƙarfe. Ya lashe ta daga wuyan hannu har kan yatsu, a hankali, bai bar ko tsaga ɗaya ba. Sanyin ya shiga har ƙashi.

Sannan tsohuwar ta mayar da harshen, ta rufe ido, tana juya abin a baki.

Mai Ludayi ta san wannan tsayuwar. Mai ɗanɗano in ya rufe ido, hankalinsa duka yana kan harshe, hannunsa kan saki.

Yatsun suka sassauta.

Ta fizge yarinyar, ta saɓa ta a kafaɗa, ta zuba da gudu.

A bayanta ta ji tofi ya faɗi ƙasa.

"Ɗaci," muryar ta ce. "A kawo ƙaramar."

Ƙananan ƙafafu suka biyo ta cikin danshin. Takalminta ɗaya ya fita. Wani abu ya kama mayafinta, ta bar masa. Goshinta ya bugi ƙarfen lilo, ba ta tsaya ba.

Sai haske. Kiɗa, ihu, warin mai. Mutane suna kallon mace ba mayafi, jini a goshi, da yarinya a kafaɗa. Mai dankali ta gan ta, ta kau da kai ta ci gaba da suyarta.

Ba ta nemi sabuwar rumfar abincin da ta kawo ta ba. Auta ta yi kwana biyu tana barci, ran na uku ta tashi garas ta nemi ruwa.

Tafin hannun ne bai koma daidai ba. Ta wanke da sabulu, ta goge da toka, ta kanga a wuta, har yau da danshi da sanyi. Duk tukunyar da ta juya da shi takan fito salam, ko ta juye gishirin gidan a ciki. Masu kiran ta girkin taro suka daina, ba faɗa ba sallama. Yanzu ƙanwar mijinta ke yi musu girki, ita tana zaune a gefe.

Wata rana ta ɓare lemo, ta miƙa wa Auta da hannun dama. Yarinyar ta ja baya har jikin bango.

"Karɓi mana. Uwarki ce fa."

Auta ta dubi tafin, ta girgiza kai.

"Ajiye a ƙasa, Mama. Suna jira."