Firijin da Mamaci Bai Saya Ba

Da hantsi Bu Ngatini, mai soya tempe, wani irin ƙosan waken soya, a wata kasuwar birnin Semarang, ta faɗo ofishin 'yan sanda tana haki.

"Pak," ta ce, wato Yallaɓai, "an ƙwace min babur!"

Sufeto Harjoko ya tura mata kujera. "Su wa?"

"Masu karɓar bashi. Wai marigayi mijina ya ɗauki firiji bashi tun da daɗewa. Pak, mu ko firiji ba mu taɓa mallaka ba."

Sufeto ya nufi kamfanin da ta ambata. Manajan, Pak Wibisono, ya tarbe shi da murmushi.

"Mu ba ma ƙwace kaya, Pak. Waya kawai muke bugawa."

"Wa ya sa hannu a bashin?"

"Ai sayen bashin muka yi daga wani shago."

"Ina shagon?"

"Ya rufe."

"To da me kuke bin ta?"

Manaja ya sosa ƙeya. "Sunan mijinta ne a kwamfuta."

Sufeto ya fito kansa a ɗaure. Bashi ba shaida, firiji ba a gan shi ba, babur kuma kowa ya ce ba shi ya ɗauka ba.

A bakin kasuwa ya sami mai gadin babura.

"Waɗanda suka ɗauki babur ɗin Bu Ngatini, tura shi suka yi?"

"Ina! Makulli suka sa, ya tashi lafiya lau."

Bu Ngatini ta ce makulli biyu ne. Na biyun yana hannun ƙanin mijinta, Darmaji, mai sayar da ƙanƙara a lungun bayansu. Ita da Sufeto suka nufi shagonsa tare.

Darmaji ya rantse makullin ya ɓace tun bara. Sufeto kuwa tsohon firijin da ke gurnani a bayan Darmaji yake kallo.

"Malam, a ina ka sayi wannan?"

"Kyauta aka ba ni."

"Wa?"

"Wani... ya rasu."

"Ikon Allah, kowa a maganar nan ko ya rasu ko ya rufe. Taso mu je ofis."

Nan Darmaji ya zube ƙasa, ya faɗi gaskiya. Da katin shaidar yayansa ya ɗauki firijin, bai kuma taɓa biya ba. Da kamfani ya taso matar a gaba, ya tsorata kada asiri ya tonu, sai ya sa abokansa suka yi shigar masu karɓar bashi, don ya sayar da babur ɗin ya rufe bakin kamfani.

Aka sa masa ankwa. Sufeto ya juya wurin matar.

"Bu, ba a bin ki ko rupiya ɗaya. In suka sake kira, ki ce su kawo shaida kotu. Babur ɗinki yana bayan shagon nan."

Ba ta ko motsa ba, ta ƙura wa firijin ido.

"Dar," ta ce a hankali, lokacin da ake tura shi mota, "ƙanƙarar da nake saye a wurinka kullum, ashe da sunan mijina kake sayar min?"