Goyon Saman Bene

Aikin da aka tura Injiniya ranar ba baƙo ba ne a wurinta. Oba-obar motocin asibiti da ta 'yan kwana-kwana ce ta ɗauki wata ƙara, da zarar rana ta yi ja sai layin ya cika da shuuu, ba mai jin wani. A makon da ya wuce motar asibiti ta ɓata hanya saboda direban bai ji kwatance ba, mai naƙuda ta haihu a bakin ƙofa. Shi ya sa Oga ya ce kada ta dawo sai ta gano mai yi musu kutse.

Ta saba da masu laifin: injin walda, kwan lantarki mai arha, ko janareta da ya tsufa. Ta ɗauki na'urar awo da 'yar eriyar hannu, Baba Direba ya ja mota.

"'Yata, yau wa za mu kama? Mai walda ko mai cajin waya?"

"Duk wanda allura ta nuna, Baba. Ko surukinka ne."

"Wannan ai da kaina zan miƙa miki shi."

Allurar ta bi da su lungu-lungu har gindin wani tsohon benen ma'aikata da kowa ya tashi daga ciki. Injiniya ta yi tsaki. A kan rufinsa ita da kanta ta kafa sabuwar eriyar da ke ƙara wa layin ƙarfi. Ashe ɓarawon a cikin gida yake.

"Wataƙila waya ce ta kwance. Yanzu zan sauko."

"Magariba ta kawo kai fa," in ji Baba.

"Ai da magaribar yake yi. Ka riƙe oba-oba."

Matakalar na warin danshi da kashin jemage. Ta sa abin sauraro a kunne tana hawa, allura na hawa tare da ita. A hawa na tsakiya warin ya sauya. Ƙamshin nono mai ɗumi, da hayaƙin itace, irin na ɗakin mai jego.

Ta tsaya. Cikin shuuu ɗin akwai wani abu. Ta murɗa maɓalli a hankali.

Kukan jariri ne. Ya dishe, kamar wanda ya daɗe yana yi.

Ta danna oba-oba. "Baba, kana jin wannan?"

"Ci gaba da hawa, 'yata," muryar Baba ta ce. "Ana jiranki."

Sai da ta kai hawa na ƙarshe maganar ta zauna mata. Wa ke jiranta? Ta leƙa ta tagar da ba gilashi. Can ƙasa ga Baba tsugune yana alwala, oba-obarsa na kan murfin mota, nesa da hannunsa.

Ta cire abin sauraron. Kukan bai tsaya ba. Daga ɗakin tankin ruwa yake fitowa, dab da ƙofar rufi.

"Ke ce mai ƙarfen?"

Muryar mace ce, ƙasa-ƙasa, a bayan wuyanta. Numfashin na da zafi kamar an buɗe murhu.

"Kada ki juyo. Ke ce?"

"Ni ce," ta ce.

"Tun da kika kafa shi ɗana bai runtsa ba. Maganganunku na shiga kansa dare da rana. Haɗari, gobara, jini. Kashe shi."

A daidai lokacin oba-obar da ke ƙugunta ta yi ƙara. Wani direban motar asibiti ne, muryarsa na tsinkewa: "Ofis, ofis, wace kwana? Yaron ba ya numfashi sosai, wace kwana?"

"Baiwar Allah," Injiniya ta raɗa, "in na kashe, wancan yaron zai mutu a hanya."

"Nawa fa?"

"Zan kawar da fuskar eriyar daga ɗakinki. Zan rage mata ƙarfi. Ki ba ni lokaci kaɗan."

Ta ji ƙarar ɗigon ruwa a tanki.

"To riƙe min shi. Ki ji abin da nake ji."

Aka ɗora mata abu a baya.

Zafi. Nauyi kamar buhun siminti. Ƙananan yatsu suka kama kafaɗunta, farce ya huda riga. Kukan ya koma cikin kunnenta na hagu, kai tsaye, har haƙoranta na amsawa.

Ta fita rufi da rarrafe. Sama ta yi ja wur. Ta zaro sifana, ta suɓuce mata, ta lalubo ta. Notin da ke riƙe da eriyar ya cije. Ta sa ƙarfinta duka, tana salati a zuci.

Goyon na ƙara nauyi.

Notin ya saki. Ta juya eriyar, ta kawar da ita daga ɗakin tanki zuwa babban titi, ta ɗaure. Ta buɗe akwatin da ke gindin eriyar, ta rage ƙarfin.

Allura ta sauka.

Oba-oba ta washe tangaram. "Kwanar hagu, bayan gidan mai! Ka ji ni?" "Na ji, ofis, na ji!"

Kukan ya zama shessheƙa. Shessheƙar ta zama ajiyar zuciya. Wani kumatu mai zafi ya kwanta a wuyanta.

"Ya yi barci," Injiniya ta ce. "Karɓi abinki."

Goyon bai motsa daga bayanta ba.

"Baiwar Allah, karɓi."

Aka yi 'yar dariya a cikin duhun ƙofar.

"Bai taɓa barci a bayan kowa haka ba. Ki zauna mana."

Ƙofar rufin ta fara rufuwa da kanta.

Injiniya ta cusa sifana a tsakani, ta kutsa. Ta bar na'urar a nan. Ta dira matakala. Bayanta takun ƙafa mara takalmi, ba gudu yake ba, amma ba ya nisa.

"Za ki tashe shi. Sannu."

Ta faɗi. Ta tashi. Bakinta gishirin jini.

Yatsun suka ƙara nutsewa.

Ta hango hasken ƙofar waje, da Baba tsaye da buta a hannu. Ya dube ta, ya dubi bayanta, butar ta suɓuce. Ya ɗaga murya da Ayatul Kursiyyu, ya miƙo hannu ya fizgo ta waje.

A bakin ƙofar aka zare goyon, a hankali, yadda uwa ke ɗauke ɗa mai barci.

Da suka hau babban titi Baba ya dube ta. "Kada ki tambaye ni abin da na gani, 'yata. Ina da jikoki."

Layin bai sake ƙara ba. Yaron da ke cikin motar asibitin ya rayu. Injiniya ta shaida wa Oga cewa rufin benen ya tsage, aka tura wasu da tsakar rana suka kwance eriyar, aka mayar da ita kan wani gini. Kunnenta na hagu bai sake ji ba, likita ya duba bai ga komai ba.

Bayan wata biyu ƙanwarta ta haihu. Da ta je barka aka miƙo mata jaririyar tana ta tsala kuka. Tana karɓa yarinyar ta yi tsit, ta ƙura ido a kan kafaɗarta ta hagu.

"Yaya, kina da hannun raino," in ji ƙanwar. "Dubi yadda take kallon bayanki, kamar ta ga ɗan'uwa."

Injiniya ta miƙa mata 'yarta, ta jingina bayanta da bango.